Yadda za ku gano giɓin albashi tsakanin maza da mata a babban kamfani, ku kuma toshe shi

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu aiki a sashen kula da ma'aikata ita ce: an ɗora mini aikin kawo daidaito tsakanin maza da mata a kamfani mai rassa a ƙasashe da dama, daga ina zan fara? Wasu sun riga sun fara da taron bita, wasu da buga fosta, wasu da rubuta manufa mai shafi ashirin. Amsata ba ta canzawa. A fara da ƙirga, horo ya zo daga ƙarshe. Wariya a wurin aiki ba a cikin jawabi take zaune ba, tana cikin shawarwari uku ne da ake yankewa kullum: wa za a ɗauka, nawa za a biya shi, wa za a ƙara wa girma. Ga matakan a jere, kuma jerin nasu shi ne rabin aikin.

1. Ku samu mai tsaya wa aikin, ku samu kuɗi

Kafin ku buɗe fayil ko ɗaya, ku nemi mutum guda cikin manyan daraktoci da zai ɗauki aikin a matsayin nasa. Idan da hali ya zama shugaban sashen kuɗi, domin duk abin da za ku gano a ƙarshe a teburinsa zai tsaya. Sai ku haɗa ƙaramin kwamiti: mutum daga sashen ma'aikata, mutum daga masu biyan albashi, lauya, wanda ya iya lissafin ƙididdiga, da wakilin ƙungiyar ƙwadago a ƙasashen da take da ta cewa. Mutum biyar ko shida sun isa. Zagayen farko yakan ci wata uku zuwa shida, kuma mafi yawan lokacin wajen gyara bayanai yake tafiya.

Hattara: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karɓi alƙawari a rubuce cewa za a ware kuɗin gyara tun kafin a ga sakamako. Rahoton da ya nuna ana tauye mata, aka kuma jefa shi a durowa, ya zama hujja a hannun duk wadda ta kai ƙara, domin ya tabbatar da cewa kamfani ya sani ya yi shiru. Kamfanin Salesforce ya kashe kusan dala miliyan 3 a 2015 wajen daidaita albashin ma'aikatansa, ya sake kashe kusan haka a 2017. Shugabanninku su ji irin wannan adadi tun yanzu.

2. Lauya kafin tambaya

Ku zana jadawali: ƙasa a layi, abin da dokarta ta wajabta da abin da ta hana a gefe. Nan ne kamfanoni masu hedikwata a ƙasa ɗaya suka fi yin tuntuɓe, domin abin da aka tilasta a nan laifi ne a can.

A Amurka, kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama yana miƙa wa gwamnati rahoton ma'aikatansa bisa jinsi da launin fata. A Faransa kuwa, doka ta taƙaita tattara bayanin launin fata ko asalin ma'aikaci ƙwarai da gaske. A duk Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta sa asali, addini, lafiya da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu tsauraran sharuɗɗa, kuma tararta tana iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya. A Jamus ba za ku raba wa ma'aikata takardar tambayoyi ba sai da amincewar majalisar ma'aikatan reshen. A Birtaniya, tun 2017, duk mai ma'aikata 250 zuwa sama yana wallafa giɓin albashinsa kowace shekara. Faransa tana auna kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama da maki bisa 100 kan daidaiton maza da mata, wanda ya gaza 75 dole ya ɗauki matakin gyara, in shekara uku ta cika bai haura ba yana iya fuskantar tarar da ta kai kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Sannan ga dokar bayyana albashi ta Tarayyar Turai ta 2023, wadda aka ba ƙasashe zuwa 7 ga Yunin 2026 su shigar cikin dokokinsu.

Hattara: kada hedikwata ta tura fom iri ɗaya ga kowane reshe. Jinsi kusan ko'ina yana cikin bayanan albashi, don haka ku fara da shi. Sauran bayanai, kamar nakasa ko asali, ku nema ne kawai inda doka ta yarda, bisa son ran ma'aikaci, tare da gurbin "ba na son faɗa".

3. Tattara bayanan

Ku zaɓi rana ɗaya, ku ɗauki hoton dukkan ma'aikata a wannan ranar. Birtaniya ta tsayar wa kamfanoni masu zaman kansu 5 ga Afrilu, kuna iya bin ta ko ku zaɓi taku, muddin ba za ku riƙa sauya ta ba. Ga kowane ma'aikaci kuna buƙatar jinsi, ƙasa da reshe, sunan aiki, matakin albashi, ranar kama aiki, ranar ƙarin girma na ƙarshe, awannin aiki a mako, gundarin albashi, alawus-alawus, garaɓasar ƙarshen shekara, hannun jarin da aka ba shi in akwai, makin tantancewa na shekara uku, da hutun haihuwa ko na jinya da ya ɗauka.

Kayan aikin ba su da tsada. Manhajar da kamfani ke ajiye bayanan ma'aikata, irin su Workday ko SAP, za ta fitar da yawancin wannan. Excel ya isa lissafin farko. Lissafi mai zurfi ana yin sa da R ko Python, duka kyauta ne. Abin da ke da tsada shi ne lokacin mutane, da kuɗin lauya, da na ƙwararru na waje idan ba ku da mai ƙididdiga a gida.

Ku cire sunaye ku sa lambobi, mabuɗin lambobin ya zauna wurin mutum ɗaya ko biyu. Ku mayar da kowane albashi zuwa na awa ɗaya, in ba haka ba matan da ke aikin rabin rana za su kumbura giɓin ta hanyar da ba gaskiya ba.

Hattara: kada ku tsaya a gundarin albashi. Shi kowa ke kallo, shi ya sa yakan fito a daidaice. Ɓarnar tana cikin abin da manaja ke rabawa da ganin damarsa: garaɓasa, alawus na mota ko gida, kuɗin maraba da ake ba sabon ɗauka. Kada kuma ku haɗa ƙasashe a tukunya ɗaya ta hanyar canjin kuɗi. Idan reshen da ke ƙasa mai ƙaramin albashi mata ne suka cika shi, jimillar za ta nuna muku bambancin ƙasashe, ba na jinsi ba. Kowace ƙasa lissafinta daban.

4. Ku auna nauyin ayyuka, ba sunayensu ba

Wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa, kuma in aka tsallake shi duk abin da ya biyo baya gini ne a kan yashi.

Sunan aiki yana ruɗi. Na taɓa ganin "manaja" a wani reshe da mutum arba'in a ƙarƙashinsa, a wani reshen kuma "manaja" ba ya da ko mutum ɗaya, an ba shi sunan ne don kada ya tafi. A ɗaya gefen, na ga mata masu riƙe da sashe guda ana kiran su "mataimakiya". Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 100, ta 1951, ba cewa ta yi a biya daidai ga aiki iri ɗaya kawai ba, cewa ta yi ga aiki mai daraja ɗaya. Bambancin yana da girma. A watan Maris na 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa ma'aikatan kantunan Asda, waɗanda galibinsu mata ne, suna da damar kwatanta kansu da ma'aikatan rumbunan ajiyar kamfanin, waɗanda galibinsu maza ne. Aikin ba iri ɗaya ba ne, wurin ma ba ɗaya ba, amma kotu ta buɗe ƙofar kwatanci.

Ku auna kowane aiki da ma'auni huɗu, waɗanda dokar Turai ta 2023 ma ta ambata: ƙwarewar da yake buƙata, wahalar da ke cikinsa, nauyin da ke wuyan mai yin sa, da yanayin da ake yin sa. Ku ba kowane ma'auni maki, ku tara, ayyukan da makinsu ya kusanci juna su shiga rukuni ɗaya. Aikin ake aunawa, ba mutumin da ke kan kujerar ba.

Hattara: ma'aunin kansa yana iya zama da son kai. Idan "wahala" a wurinku ɗaukar kaya mai nauyi ce kawai, to kun manta da wadda ke amsa wayar abokan ciniki masu fushi awa takwas a rana. Idan "nauyi" kula da kuɗi da injuna ne kawai, kun manta da kula da mutane. Ku sa masu yin aikin su karanta bayanin aikinsu kafin a ba shi maki. Sau da yawa za ku ji sun ce, ai rabin abin da nake yi ba ya cikin takardar nan.

5. Lissafi biyu, kowanne da abin da yake faɗa

Na farko shi ne giɓin gaba ɗaya: albashin maza a cire na mata, a raba da na maza, a mayar kashi cikin 100. Ana yin sa ta hanya biyu, kuma ku yi duka. Ɗaya, a tara albashin kowa a raba da yawansu. Ɗaya kuma, a jera su daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya.

Ga misali na ƙirƙira don a gane. A ce mata biyar suna karɓar 30, 32, 35, 36 da 40. Maza biyar suna karɓar 30, 33, 36, 38 da 113. Idan aka tara aka raba, mata 34.6, maza 50, giɓi ya kusan kashi 31. Idan aka ɗauki na tsakiya, mata 35, maza 36, giɓi bai kai kashi 3 ba. Duka biyun gaskiya ne. Na farko yana cewa babbar kujera namiji ke kanta, na biyu yana cewa a tsakiyar ma'aikata abin da sauƙi. Daga nan ku raba ma'aikata gida huɗu bisa albashi, ku ƙirga mata a kowane gida. Wannan ɗan jadawalin ya fi kowane jawabi saurin shiga kan daraktoci, gani ya kori ji.

Lissafi na biyu shi ne wanda ke kwatanta masu kama da juna: rukunin aiki ɗaya, ƙasa ɗaya, shekarun ƙwarewa kusan ɗaya. Mai ƙididdiga zai ware tasirin kowane dalili, abin da ya rage ba tare da bayani ba shi ne abin tuhuma. A dokar Turai, giɓin kashi 5 a kowane rukunin ma'aikata da aka kasa kare shi da hujja, aka kuma kasa gyara shi cikin wata shida, yana tilasta zaman tantance albashi tare da wakilan ma'aikata. Ni shawarata kada ku jira kashi 5.

Hattara: mai son wanke kamfani yana iya ta zuba dalilai cikin lissafin har giɓin ya ɓace. Matakin albashi da makin tantancewa su ne suka fi haɗari, domin su ma mutane ne suka yanke su. Idan an ɗauki mace a mataki na biyar, an ɗauki namiji mai ƙwarewa irin tata a na shida, lissafin zai ce kowa yana daidai a matakinsa, alhali an yi ɓarnar tun a bakin ƙofa. Ku gudanar da lissafin sau biyu, da su da kuma ba su, ku duba tazarar. Rukunin da bai kai mutum 30 ba kuwa, ku bar ƙididdiga ku duba fayil ɗaya bayan ɗaya.

6. Ku biya

Ku fitar da jerin waɗanda albashinsu ya faɗi ƙasa da inda ya kamata. Manajan kowannensu ya kawo dalili a rubuce cikin mako biyu. "Ta karɓa ba ta yi ciniki ba" ba dalili ba ne. "Haka muka same shi" ba dalili ba ne. Wanda babu hujja a kansa a ƙara masa.

Ƙiyasin kuɗin ba wuya. A ce mutum 120 ne ke buƙatar gyara, albashin kowanne 40,000 a shekara, ƙarin da ake buƙata kashi 4. Kowanne 1,600 ke nan, jimilla 192,000 a shekara. Ku ɗora kason fansho da harajin da kamfani ke biya a kan albashi, ku kuma tuna cewa kuɗin nan kowace shekara zai dawo. Batun biyan bashin shekarun baya kuwa na lauya ne, ya danganta da ƙasa.

Hattara: kada a rage wa kowa don a daidaita. Dokar daidaita albashi ta Amurka ta 1963 ta hana hakan ƙarara, kuma ko inda ba a hana ba, kun saya wa matan ƙiyayyar abokan aikinsu. Kada kuma ku ware maza daga gyaran. Binciken da Google ya bayyana a 2019 ya gano wani rukunin injiniyoyi maza da ake biya ƙasa da takwarorinsu mata, aka ƙara musu. Ranar da ma'aikata suka ga ma'auni ɗaya ake bi da kowa, ranar suke fara yarda da aikin. Kuɗin gyara ya fito daga asusu na daban, domin in aka cire shi daga kason ƙarin albashin shekara na manaja, zai ba ta gyaran da hannun dama ya karɓe ƙarinta da na hagu.

7. Ƙofar shiga

An biya, amma tsugune ba ta ƙare ba. Idan hanyar ɗaukar aiki tana nan yadda take, giɓin zai dawo cikin shekara biyu.

Ku daina tambayar mai neman aiki nawa ake biyan sa a inda ya baro. Tambayar nan ce ke jawo tauyewar wani kamfani ta shigo naku. Dokar Turai ta 2023 ta hana ta, jihohi da dama a Amurka ma sun hana. Ku rubuta ƙasa da saman albashin kujerar, ku sanar da shi kafin intabiyu. Duk tayin da ya fita daga wannan iyaka sai wani na sama ya sa hannu.

Ku rage jerin sharuɗɗan talla zuwa abin da aikin ke buƙata da gaske. Ku ɓoye suna, hoto da shekarun haihuwa a zagayen farko na tace takardu. Wani bincike da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004 ya tura takardun neman aiki a Boston da Chicago da sunaye daban-daban, masu sunayen da aka saba ji ga fararen fata suka sami kira da kusan kashi 50 fiye da masu sunayen baƙaƙe. A intabiyu, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jeri ɗaya, da ma'aunin maki da aka rubuta tun kafin a ga fuskar kowa. Kowane mai tantancewa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, in ba haka ba da babba ya buɗe baki sauran sun bi. Kalmar "bai dace da mu ba" kada ta wuce sai an faɗi da me.

Ku riƙa ƙirga a kowace gaɓa: nawa suka nema, nawa aka kira, nawa aka yi wa tayi, nawa suka karɓa. Hukumomin Amurka sun fitar da ma'auni mai sauƙi a 1978: idan rabon wani rukuni bai kai kashi 80 na rabon rukunin da ya fi samu ba, akwai abin dubawa. Maza 100 sun nema an ɗauki 20, mata 100 sun nema an ɗauki 12, to 12 bisa 20 kashi 60 ne, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Hattara: manhajar tace takardu ba waliyyiya ba ce. A 2018 Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya watsar da wata manhajar da ya gina, bayan an gano tana rage wa takardun da suka ambaci mata maki, saboda ta koya ne daga takardun shekara goma da maza suka mamaye. Duk manhajar da za ku saya, ku gwada ta da ma'aunin nan na kashi 80. Sannan ku bambanta buri da kaso na dole. Nowe ta wajabta kashi 40 na kowane jinsi a hukumar daraktocin manyan kamfanoni tun dokar 2003, amma a Amurka ware kujera don jinsi ko launin fata yana iya saɓa wa dokar hana wariya ta 1964. Ku faɗaɗa inda kuke nema, zaɓi kuma ya tsaya kan maki.

8. Ƙarin girma da hutun haihuwa

Claudia Goldin, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mafi yawan tazarar da ke tsakanin maza da mata masu sana'a ɗaya tana buɗewa ne da haihuwar ɗan fari. Na ga hakan da idona a wani jadawali. Wata ma'aikaciya, makinta na sama shekara uku a jere, sai gurbi biyu babu komai a ciki. Ta tafi hutun haihuwa a daidai lokacin tantancewa, sau biyu. Manhajar ta ɗauki gurbin da ba a cika ba a matsayin sifili, ba ta sami ƙari ba. Babu wanda ya yi nufin cutar da ita, babu kuma wanda ya lura, har waɗanda ta koya wa aiki suka wuce ta. Da aka kira ta aka faɗa mata, cewa ta yi ta daɗe da sani, ba ta san wa za ta gaya wa ba ne. Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Don haka ku kafa doka: duk wadda ta dawo daga hutun haihuwa tana samun aƙalla matsakaicin ƙarin da takwarorinta suka samu. Faransa ta ware maki 15 cikin 100 ga wannan kaɗai, kuma mace ɗaya aka tsallake duka makin ya tafi. Yarjejeniyar ƙwadago ta duniya mai lamba 183, ta 2000, ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙarancin hutu, ya kamata ya zama ƙasan da babu reshen da zai sauka daga kai. Ku ba iyaye maza nasu hutun, manya kuma su riƙa ɗauka a gani.

A ƙarin girma, ku tallata kowace kujera a cikin gida, a daina raɗa wa na kusa. A duba duk wanda ya cika sharaɗi, ba sai wanda ya nema ba. Ku kuma bi sawun manyan ayyuka da turawa rassan ƙetare, domin a babban kamfani ta nan ake hawa. Kada manaja ya yanke wa mace cewa mai yara ba za ta so tafiya ba. A tambaye ta.

9. Inda za a kai kuka, da zaman yau da kullum

Ku buɗe hanyar ƙorafi aƙalla biyu, ɗaya ba ta bi ta kan manaja ba, domin sau da yawa shi ne abin ƙorafin. Dokar Turai ta 2019 kan masu fallasa ta ba da ma'auni mai kyau ga kowa: a amsa cewa an karɓa cikin kwana 7, a ba da bayani cikin wata 3. A Indiya, dokar 2013 ta wajabta kwamitin cikin gida kan cin zarafin mata a duk wurin aiki mai mutum 10 zuwa sama, mace ce ke shugabanta, da mamba ɗaya daga waje.

Hattara: reshen da bai taɓa kawo ƙorafi ba shi za ku fara ziyarta. Shiru ba lafiya ba ne. Bayan wata shida, ku duba makomar duk wadda ta yi ƙorafi: makinta, albashinta, ko tana nan ma.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu nauyi. Taron da ya haɗa nahiyoyi a riƙa juya lokacinsa, kada reshe ɗaya ne kullum zai tashi da tsakar dare. A tura takardu kwana biyu kafin taro saboda waɗanda harshen kamfani ba nasu ba ne, kada a ɗauki iya turanci a matsayin iya aiki. A ba ma'aikata wasu ranakun hutu da za su sanya a bukukuwan addininsu. Kuɗin kayan aikin masu nakasa ya fito daga asusun hedikwata, don kada manaja ya ga ɗaukarsu asara ce a kasafinsa. Jamus ta wajabta kashi 5 na ma'aikata su zama masu nakasa, Faransa kashi 6, ga masu ma'aikata 20 zuwa sama, wanda bai cika ba ya biya diyya.

10. Horo

Yanzu lokacinsa ya yi. Frank Dobbin da Alexandra Kalev, da suka bi bayanan kamfanonin Amurka fiye da 800, sun bayyana a 2016 cewa horon dole bai ƙara yawan mata a kujerun manajoji ba bayan shekara biyar, wasu rukunan ma raguwa suka yi. Abin da ya yi tasiri shi ne haɗa ƙanana da manya masu yi musu jagora, da kwamitocin da manajoji da kansu ke ciki. Don haka ku koyar da aiki takamaimai: yadda ake ba da maki a intabiyu, yadda ake yanke albashin sabon ɗauka, abin da manaja zai yi a awa 24 na farko idan an kawo masa ƙorafi. Awa biyu, dab da lokacin da za a yi amfani da shi.

11. Ku faɗa, ku sa ranar dawowa

Ma'aikata su ji sakamakon daga bakinku kafin su gani a jarida. Ku faɗi lissafin biyu, da abin da aka gyara, da abin da ya rage. Kada ku wallafa alƙaluman rukunin da bai kai mutum 10 ba, za a gane su waye. Kowane shugaban reshe ya karɓi shafi ɗaya mai alƙaluman reshensa, ya kare shi a gaban daraktoci kamar yadda yake kare ciniki.

Hattara: giɓin gaba ɗaya yana iya ƙaruwa a shekarar farko idan kun ɗauki mata da yawa a ƙananan matakai. Ku sanar da daraktoci wannan tun da wuri, don kada su firgita su janye.

Ku rubuta ranakun da doka ta sa na fitar da rahoto a kalanda: 1 ga Maris a Faransa, 4 ga Afrilu a Birtaniya, da Yunin 2027 don rahoton farko na masu ma'aikata 250 zuwa sama ƙarƙashin dokar Turai. Lissafin mataki na 5 kuwa ku maimaita shi kowace shekara bayan manajoji sun miƙa shawarar ƙarin albashi amma kafin a sa hannu, lokacin da gyara bai wuce sauya lamba a jadawali ba. Duk sanda kamfaninku ya sayi wani kamfani, ku koma mataki na 4 da sababbin ma'aikatan kafin a haɗa su cikin tsarin albashinku.